Rumbu a Illela, Mai Shi a Sakkwato: Yadda Ake Isa ga Ma'ajin Sauti da Hotuna na Gida Daga Nesa

Garin Illela yana arewacin jihar Sakkwato, kimanin kilomita 85 daga babban birnin jihar, kuma tsakaninsa da Birnin Konni ta Jamhuriyar Nijar ba a kai tafiyar kilomita 10 ba. Gari ne na fatauci. Ranar Lahadi, wadda ita ce ranar kasuwa, shanu da raƙuma da hatsi da albasa kan canza hannu tsakanin mutanen ƙasashen biyu. Amma akwai wata haja da ta daɗe tana ratsa wannan iyaka ba tare da an auna ta a mudu ba, wato sauti da hoto. Da farko kaset ne na rediyo. Bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a Kano cikin 1990, sai kaset ɗin bidiyo ya yawaita, faifan CD ya biyo baya. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, kuma da wayoyi suka fara ɗaukar katin memori, sai aka sami sabuwar sana'a: matasa masu kwamfuta a shago ko a rumfa, waɗanda ake kira masu turi, suna zuba wa jama'a waƙoƙi da wa'azi da fina-finai a waya.

Kwamfutar mai turi ma'aji ce ta sauti da hotuna, sai dai wanda duk ke son abin da ke cikinta dole ya tako da ƙafarsa. Haka abin yake a gidaje da dama. A ɗauka akwai wani magidanci a Illela da ya shekara talatin yana tara kaset: tafsirin watan azumi, waƙoƙin Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata, bidiyon aure da na suna, har da muryar mahaifinsa da aka naɗa kafin rasuwarsa. Ɗansa ya yi ɗawainiyar juye su duka cikin kwamfuta. Yanzu ɗan yana karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, 'yarsa tana aure a Konni, ƙanensa kuma yana neman kuɗi a Legas. Kowannensu yana marmarin waɗannan kaya, kuma kai su da hannu ba kullum yake da sauƙi ba. An rufe iyakar Nijeriya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta a Agusta 2023 bayan juyin mulkin Nijar, ba a ba da umarnin buɗewa ba sai Maris 2024. Tambayar ita ce, ta yaya kwamfuta za ta zauna a ɗaki a Illela, mai ita kuma ya riƙa ɗibar abin da yake so daga nesa, ba tare da kuɗin ya fi ƙarfin aljihunsa ba?

Rumbun kansa

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi sauƙi. Ana buƙatar kwamfuta guda da za ta zauna a kunne, da faifan ajiya mai yalwa, da manhajar da za ta jera kayan. Tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ta wadatar. Akwai kuma ƙananan kwamfutoci kamar Raspberry Pi, wadda aka fara sayarwa a 2012, girmanta bai wuce tafin hannu ba. Manhajojin da suka yi suna a wannan aiki su ne Plex da Emby da Jellyfin. Aikinsu ɗaya ne: su karanta abin da ke cikin faifai, su tsara shi bisa suna da shekara da mai waƙa, su miƙa shi ga waya ko talabijin idan an nema. Jellyfin ta samo asali daga Emby a ƙarshen 2018, masu aikin sa kai ke kula da ita, kuma ba a biyan ko sisi. Ba ta kuma buƙatar izinin wani kamfani kafin ta yi aiki, saboda haka ko intanet ya yanke gaba ɗaya, mutanen gida za su ci gaba da kallo ta na'urar rarraba intanet ta cikin gidan, wadda ake kira rauta.

Ya kamata ɗalibi ya lura da abu guda tun a nan. Abin da iyali suka naɗa da kansu nasu ne. Amma fim ko waƙar da wani ya kashe dukiyarsa ya shirya tana da haƙƙin mallaka, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya da aka sanya wa hannu a Maris 2023 ta shafi abin da ake rarrabawa ta intanet. Rumbun iyali daban, kasuwar satar fasaha daban.

Gida marar adireshi

Matsalar tana farawa ne da zarar an fita ƙofar gida. Kowace na'ura da ke son a same ta a intanet dole ta kasance tana da lambar adireshi, wadda ake kira adireshin IP. Tsarin da aka fi amfani da shi, wato IPv4, an bayyana shi a 1981, kuma an gina shi a kan bit 32. Bit ita ce ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta, ko sifiri ko ɗaya. Idan aka ninka 2 da kanta sau 32, za a sami adireshi 4,294,967,296. A zamanin da kwamfuta ke cika ɗaki guda, wannan adadi ya yi kama da abin da ba zai taɓa ƙarewa ba. Amma mutanen duniya sun kai biliyan 8 a 2022, kuma layukan waya masu aiki a Nijeriya kaɗai sun haura miliyan 150 a 2025. Hukumar IANA, mai riƙe da babban asusun adireshi na duniya, ta raba na ƙarshe da ke hannunta a Fabrairu 2011. Hukumar AFRINIC mai kula da rabon Afirka ita ma ta shiga tsimin nata tun 2017.

Dabarar da aka yi ita ce raba adireshi ɗaya ga na'urori masu yawa. Mai karatu da ya yi makarantar kwana zai gane wannan da sauri. Makaranta tana da akwatin gidan waya guda ɗaya, ɗalibai kuwa sun kai dubu. Idan ɗalibi ya aika wasiƙa, masinja yakan rubuta sunansa a littafi, ya ce wane ya rubuta wa wane. Idan amsa ta dawo, sai ya duba littafin ya kai wa mai ita. Amma idan wani baƙo ya aiko da wasiƙa ba suna, ba kuma wanda ya fara rubuta masa, masinja ba shi da wanda zai kai wa, sai ya jefar da ita. Haka rauta ke yi. Wannan dabara sunanta NAT. Saƙon da aka fara daga cikin gida yana fita, amsarsa tana shigowa, amma saƙon da aka fara daga waje ba ya wuce ƙofa. Masu nazarin halittu sun san irin wannan ɗabi'a a tantanin da ke kewaye da ƙwayar halitta, wanda ba ya barin yawancin abubuwa su shiga sai ta ƙofofin da aka keɓe musu.

A ƙasashen da aka ja wa gidaje wayar intanet tun da daɗewa, masinja ɗaya ne, kuma yana cikin gidan. Mai gida yana iya ba shi umarni cewa duk wasiƙar da ta zo da lamba kaza, a kai ta ga kwamfutar ajiya. Wannan shi ake kira buɗe ƙofa. To, amma a Illela, kamar yawancin garuruwan Nijeriya da Nijar, da layin waya ake shiga intanet, kuma kamfanonin waya kan ajiye wani babban masinja a cibiyarsu, su haɗa masu layi da yawa a kan adireshi guda. Wannan shi ne CGNAT. Tun 2012 aka keɓe lambobin da suka fara daga 100.64 zuwa 100.127 domin wannan aiki. Babban masinjan ba na mai gida ba ne, ba ya karɓar umarninsa. Ko ya kwana yana buɗe ƙofofi a rautarsa, wasiƙar ɗansa daga Sakkwato ba za ta iso ba, domin tun a cibiyar kamfani aka jefar da ita.

Gane wannan ba shi da wuya, kuma malami zai iya nuna shi a aji cikin minti biyar. A shiga shafin saitin rauta a duba adireshin da kamfani ya ba ta. Sannan a tambayi ɗaya daga cikin shafukan intanet masu gaya wa mutum adireshinsa. Idan lambobin biyu sun bambanta, ko kuma ta rautar ta fara da 10 ko tana tsakanin 100.64 da 100.127, to gidan yana bayan babban masinja. Har Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan'adam, wanda ya fara aiki a Nijeriya a Janairu 2023, haka yake raba adireshin IPv4 ga masu amfanin gida. Maganin dindindin shi ne sabon tsarin IPv6, mai bit 128, wanda adireshinsa ya fi ƙarfin lissafin yau da kullum. Sai dai ba ya amfani sai idan layin gida da layin mai kallo duka suna ɗauke da shi.

Dillali da rami

Tun da saƙo ba ya shiga sai idan daga ciki aka fara, to dabarar ita ce a sa kwamfutar gida ta fara maganar. Hanyoyin da ake bi duka a kan wannan suka ginu, bambancinsu kawai shi ne wa ake biya, kuma nawa.

Hanya ta farko ita ce a bar wa kamfani aikin. Plex ya daɗe yana haɗa kwamfutar gida da wayar mai ita kyauta. Amma daga 29 ga Afrilu 2025 kamfanin ya mai da kallon bidiyo daga nesa abin biya. A lokacin ya sanya dala 1.99 a wata ga mai kallo, ya ɗaga kuɗin cikakken rajista na wata daga dala 4.99 zuwa 6.99, na har abada kuma daga dala 119.99 zuwa 249.99. Ga mutumin Turai wannan kuɗin shayi ne. Ga mai samun naira, ban da tsadar dala, a lokacin akwai wahalar samun katin da zai biya ta. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne darasin da ke ciki: kayan na mai gida ne, kwamfutar tasa ce, wutar tasa ce, amma ƙofar tana hannun wani, kuma mai ƙofa yana iya sauya farashi ranar da ya ga dama.

Hanya ta biyu ita ce hayar wata ƙaramar kwamfuta mai cikakken adireshi a cibiyar ajiye bayanai, a Legas ko a Turai. Kwamfutar gida takan ƙulla hulɗa da ita ta zauna a haɗe, mai kallo kuma ya zo ta wurinta. Tana aiki sosai, amma ita ma biyan wata-wata ce, kuma tana son hannun da ya ƙware.

Hanya ta uku ita ce ta fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi, kuma duk wanda ya taɓa shiga karar shanu ta Illela ya san yadda take. Mai saniya bai san mai saye ba, mai saye bai san mai saniya ba, amma dukansu sun san dillali. Dillali ya haɗa su, ciniki ya faɗa, saniya ta tafi kai tsaye daga hannun wannan zuwa hannun wancan. Ba ta kwana gidan dillali ba. Manhajoji irin su Tailscale da ZeroTier haka suke aiki. Kwamfutar Illela takan aika wa dillali saƙo, wayar ɗalibi a Sakkwato ita ma ta aika. Daga waɗannan saƙonni dillali yakan ga adireshi da lambar ƙofar da kowane masinja ya yi amfani da su, sai ya gaya wa kowa na ɗan'uwansa. Daga nan su biyun su aika wa juna saƙo a lokaci guda. Masinjan Illela ya ga saƙo ya fita zuwa Sakkwato, ya rubuta a littafinsa. Da saƙon Sakkwato ya iso, sai ya ɗauka amsa ce, ya bar shi ya shige. Haka ma a ɗaya ɓangaren. Hanya ta buɗe ke nan ba tare da an karya wata doka ta masinja ba.

Wani lokaci masinjojin kan yi taurin kai, musamman idan duka ɓangarorin suna bayan CGNAT mai sauya lambar ƙofa ga kowane adireshin da aka aika wa saƙo. A irin wannan hali dillali yakan karɓi kayan da kansa ya miƙa, ta wasu kwamfutocinsa da ke warwatse a duniya. Aiki zai yi, amma da nawa, kuma bidiyo na iya riƙa tsayawa. Manhajar takan nuna ko haɗin na kai tsaye ne ko na ratse, saboda haka kafin a zargi kwamfuta, nan ya kamata a fara dubawa.

Hanyar da aka buɗe ɗin rami ce rufaffe. Tailscale, wanda aka kafa a 2019, an gina shi a kan WireGuard, manhajar da Jason Donenfeld ya rubuta, wadda aka shigar cikin tsarin Linux a Maris 2020. Kowace na'ura tana da kwaɗo da mabuɗi na lissafi. Kwaɗon ana raba shi ga kowa, mabuɗin kuwa ba ya barin na'urar. Mai aika saƙo yakan kulle shi da kwaɗon wanda zai karɓa, saboda haka ko dillali ya riƙe kayan a hannunsa ba zai iya ganin abin da ke ciki ba. Amfanin gida na mutane kaɗan kyauta ne. Gaskiya ne shi ma dillalin kamfani ne, yana iya sauya sharaɗinsa wata rana, amma da yake WireGuard ta kowa ce, mai rumbu yana iya sauya dillali ba tare da ya taɓa rumbunsa ba.

Ramin yana da wata fa'ida ko ga wanda ke da cikakken adireshi. Ƙofar da aka buɗe wa intanet, an buɗe ta ga duniya ne, kuma akwai na'urori da ba su da aiki dare da rana sai ƙwanƙwasa ƙofofi suna neman wadda ba a kulle ba. A 2022 an kutsa cikin ma'ajin kamfanin LastPass, mai adana wa jama'a kalmomin sirri, kuma hanyar da aka bi ita ce kwamfutar gida ta wani injiniyansa, mai ɗauke da tsohuwar manhajar Plex. An toshe ɓarakar tun 2020, shi ne bai sabunta tasa ba. Idan haka ta faru da injiniya, ɗalibin sakandare sai ya yi hattara.

Abin da ido da kunne suka yafe

Samun hanya ba shi ne ƙarshen magana ba, saura faɗinta da kuɗinta. A nan ilimin halittu ya yi wa injiniyoyi babbar rana.

Hoto guda na talabijin mai kyau yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, wato ɗigo 2,073,600. Kowane ɗigo yana cin bit 24, kuma ana nuna hotuna 25 a daƙiƙa guda domin ƙwaƙwalwa ta ɗauke su a matsayin motsi. Idan aka ninka, za a sami bit sama da biliyan 1.2 a kowace daƙiƙa. Babu layin waya da zai ɗauki wannan. Amma idon ɗan'adam ba ya amfani da duk abin da aka nuna masa. A tantanin bayan ido akwai ƙwayoyi masu siffar sanda kimanin miliyan 120 da ke jin haske da duhu, da masu siffar mazurari kimanin miliyan 6 da ke rarrabe launi, kuma yadda jijiyoyi ke sarrafa saƙonsu ya sa ido ya fi kaifi wajen bambancin haske fiye da bambancin launi. Saboda haka ana barin hasken kowane ɗigo yadda yake, a haɗa ɗigo huɗu su yi tarayya a launi ɗaya. Da wannan kaɗai an zubar da rabin bayanin, ido bai sani ba. Bugu da ƙari, idan malami yana zaune yana tafsiri, bangon da ke bayansa ba ya sauyawa, don haka ba a sake aika shi, sai abin da ya motsa kawai. Da irin waɗannan dabaru tsarin H.264 na 2003 ke mai da waccan biliyan 1.2 ta koma kamar miliyan 5.

Kunne ma haka. Yana jin sauti daga kaɗawa 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa, kuma saman wannan iyaka yana raguwa da shekaru. Ƙara mai ƙarfi takan danne mai rauni da ke kusa da ita, kamar yadda bugun kotso ke haɗiye raɗar wanda ke gefe. Tsarin MP3 yana jefar da abin da kunne ba zai ji ba, sai bit 1,411,200 na faifan CD su koma 128,000 a daƙiƙa, wato kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya.

Yanzu sai lissafin aljihu. Bit 8 ke yin bait 1. Bidiyon da ke gudu a megabit 1 cikin daƙiƙa yana cin megabait 450 a awa. Fim na awa biyu a megabit 2, wanda ya ishi fuskar waya, zai ci gigabait 1.8. Abin da mutane da yawa ke mantawa shi ne cewa ana biya sau biyu. Layin gida yana ƙona data wajen ɗorawa, layin mai kallo yana ƙonawa wajen saukewa, jimla gigabait 3.6 a kan fim guda. A Janairu 2025 kuma hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Har ila yau, an tsara layukan waya ne domin saukewa, saurin ɗorawa ya fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma shi ne rumbun gida ya dogara a kai. Wanda ya auna layinsa ya ga babbar lamba ya yi murna, lambar ƙasa ya kamata ya duba, kuma da dare, lokacin da gari ya hau waya.

Manhajojin suna iya rage girman bidiyo nan take yayin da ake kallo, amma wannan aiki ne mai nauyi da ke sa ƙaramar kwamfuta zafi. Ya fi kyau a shirya ƙaramin kofi tun da farko da manhaja irin HandBrake, a ajiye shi kusa da babban.

Sauti kuwa labarinsa daban ne, kuma a nan lissafi kan ba mutum mamaki. Muryar mai wa'azi tana fita sarai a bit 64,000 cikin daƙiƙa, wato megabait 28.8 a awa. Kaset mai minti 90 zai ci megabait 43. Kaset dubu, tarin shekara talatin na wancan magidanci, gigabait 43 ne kacal, kuma za su shige cikin katin memori guda mai gigabait 64, wanda bai kai girman farce ba. Direban da ke lodin Sakkwato zai kai shi cikin awa biyu. Gaskiyar magana, ga iyalin da sauti ne yawancin ajiyarsu, katin memori ya fi kowace manhaja araha, kuma kowane kati ƙarin kofi ne da zai tsira idan faifan gida ya mutu. Ramin intanet ya fi amfani ga bidiyo masu yawa da ba za su shiga waya ba, da sababbin abubuwan da ake ƙarawa, da kuma lokacin da hanya ta toshe.

Kusa a ƙasa, nesa a waya

'Yar da ke Konni ta fi kowa kusa da gida, amma tana iya fin kowa shan wahalar haɗi. Saƙon rediyo bai san iyaka ba, shi ya sa wayar mutumin Illela kan kama sabis ɗin Nijar, ta mutumin Konni ta kama na Nijeriya. Amma cibiyoyin kamfanonin suna nesa. Saƙon da ya tashi daga layin Nijar sai ya je cibiyar kamfaninsa, ya nemi inda hanyarsa ta haɗu da ta kamfanin Nijeriya, kuma wannan mahaɗa tana iya kasancewa a bakin teku ko ma a Turai, domin Nijar ba ta da gaɓar ruwa, ta maƙwabta take isa ga wayoyin ƙarƙashin teku. Haske yana gudun kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa cikin zaren gilashi, don haka nisan ba ya hana kallo, jinkiri kaɗan yake kawowa. Haɗarinsa shi ne dogaro da abin da ke nesa. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya raunana a ƙasashe da dama. A Satumba 2021 kuma an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro. Wanda ke amfani da layinsa a ƙetaren iyaka kuma ya kula da kuɗin yawo, domin farashin data kan sauya da zarar waya ta koma sabis ɗin wata ƙasa.

Wuta, zafi da ƙura

Rumbun da ke kashe ba ya amsa kira. Tsohuwar kwamfutar tebur mai cin wat 100 za ta sha wat-awa 2,400 a yini. Ƙaramar kwamfuta da faifanta da rauta, duka ba su wuce wat 20 ba, wato wat-awa 480. Wannan bambanci shi ke raba abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba. Janareta ba abin dogaro ba ne ga aikin dare da rana, musamman a garin iyaka. A Nuwamba 2019 hukumar kwastan ta hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, kuma Illela tana cikin wannan da'ira. Rana kuwa ba a rasa ta a ƙasar Sakkwato, ba banza ba aka kafa Cibiyar Binciken Makamashi a jami'ar garin tun 1982. Faifan sola mai wat 150, idan ya sami awa biyar na cikakkiyar rana, zai ba da kimanin wat-awa 750 kafin a cire asara. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200, amma idan na dalma ne, rabin kawai ya kamata a riƙa ja. Wat-awa 600 sun ishi dare mai awa 14, wanda zai ci 280, har da ragowar ranar da hazo ya rufe sama.

Zafi shi ne maƙiyin ɓoye. A watannin Afrilu da Mayu ma'aunin zafi kan wuce digiri 40 a wannan yanki, ɗaki mai rufin kwano kuma ya fi haka. Ɗaliban ilimin halittu sun san ƙa'idar da ke cewa saurin aikin sinadarai yakan ninka kusan sau biyu da ƙarin digiri 10. Ita ce ke sa ƙadangare ya yi sanyin jiki da safe ya yi zafin nama da hantsi. Ita ce kuma ke cin batir, domin tsatsar da ke lalata dalmar cikinsa aikin sinadarai ce: batir da zai shekara huɗu a digiri 25 yana iya mutuwa cikin shekara biyu a digiri 35. Faifan ajiya mai juyawa shi ma yawancin masu ƙera shi sun sa masa iyaka wajen digiri 60, kuma yana ƙara nasa zafin a kan na ɗaki. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya fi ɗakin siminti da kwano dacewa da wannan aiki. A ɗora kayan a kan kanta, nesa da taga, a rufe su da ragar da iska ke ratsawa, a riƙa kaɗe ƙurar hunturu daga fankar kwamfuta kafin ta toshe.

Saura abu guda ƙarami da kan hana ruwa gudu. Idan batir ya ƙare cikin dare, kwamfuta ta mutu, da safe wuta za ta dawo amma kwamfutar za ta zauna a kashe har sai wani ya danna mata maɓalli, ɗalibin kuwa yana Sakkwato. Raspberry Pi takan tashi da kanta da zarar wuta ta shigo. Yawancin kwamfutocin tebur kuma suna da wani zaɓi a saitin farko, wanda ake kira BIOS, da ke umartar su su kunna kansu idan wuta ta dawo. A kunna wannan zaɓi, a sa Jellyfin da manhajar ramin su riƙa tashi tare da kwamfutar, sannan kafin a bar gida a zare wayar wuta a mayar, a fita waje da waya a kan layinta na data, a gwada buɗe kaset guda.